Ku Tambayi Kawu: Wuƙar Ado, Wuƙar Aljihu da Wadda Ake Cewa ta Kare Kai

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan wuƙa suka zo. Wasu don layya ta matso, wasu kuma don abin da ke faruwa a tituna bayan magariba. Na tsinci waɗanda na ga amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana cikin jaka.

*Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, na fara tara wuƙaƙe kaɗan-kaɗan. Cikin wuƙaƙen yaƙi da suka yi suna a duniya, wacce ce ta fi kwanta maka, kuma da wacce zan fara?*

Ɗana, yawancin masu tara wuƙa a duniya da guda biyu suke fara baki, kuma dukansu 'ya'yan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Ta farko ita ce Ka-Bar, wadda rundunar Marin ta Amurka ta ɗauka a ƙarshen 1942. Ruwanta inci 7 ne, kaifi gefe ɗaya, ƙotarta kuwa yankakkun fatu ne aka jera aka matse. Abin da ya sa sojoji suka so ta ba wai yawan faɗa da ita ba ne. Da ita suke buɗe gwangwanin abinci, su yanke igiya, su tona rami, su buga turke da gindinta. Wuƙar aiki ce da aka sa wa kakin soja, shi ya sa har yau ake ƙera ta, ana kuma saye.

Ta biyun ita ce Fairbairn-Sykes, mai ɗauke da sunan Turawan Ingila biyu, William Fairbairn da Eric Sykes, waɗanda suka yi aikin ɗan sanda a Shanghai ta ƙasar Sin. Kamfanin Wilkinson Sword ya fara ƙera ta a 1941 saboda kwamandojin Birtaniya. Siririya ce, kaifi biyu, tsini kamar na mashi, kuma in dai kyau ake nema, tana da shi. Sai dai ko albasa ba za ta yanka maka yadda kake so ba, kuma tsininta yakan karye idan aka taɓa shi da aikin ƙarfi. Abu ɗaya aka yi ta dominsa, abin da ni da kai muke roƙon Allah kada ya haɗa mu da shi. Wurinta bango ko cikin gilashi.

Akwai kuma kukri ta mutanen Nepal, mai lanƙwasa zuwa ciki, wadda sojojin Gurka suka sa duniya ta san ta tun da suka shiga aikin sojan Ingila a 1815. A ƙauyukan Nepal ita ce addar gida, da ita ake faskare, da ita ake sara nama. Ta gaskiya takan zo da 'yan ƙananan wuƙaƙe biyu a bayan kubenta, ɗaya ta ƙananan yanke-yanke, ɗaya marar kaifi ta gyara baki. Zancen da samari ke yaɗawa cewa ba a mayar da ita kube sai ta sha jini, tatsuniya ce. Da haka ne da manoman Nepal duk sun ƙare da yatsu.

To amma ka tambaye ni wadda ta fi kwanta mini, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Tawa wuƙar damtse ce ƙirar Agadas, wadda na saya hannun wani Buzu mai sayar da kayan fata. Ƙotarta mai siffar gicciye ce an naɗe ta da jan ƙarfe, kuben jar fata ne da aka yi wa zane da koriya, a jikinsa kuma akwai zoben fata da ake zura hannu a ciki. Abzinawa kan ɗaura ta a hannun hagu ƙasa da gwiwar hannu, ƙota na kallon tafin hannu, yayin da a wajen Tubawa da mutanen Sudan za ka fi ganinta a saman damtse, riga ta rufe. Wanda ya tsara wannan abu ya san rayuwar mai raƙumi: hannu biyu suna kan akala da kaya, wuƙa ba ta lilo a ƙugu, ba ta faɗuwa a rairayi. Mutum biyu ne a cikinta, maƙeri da baduku, kuma in ka duba da kyau za ka ga inda guduma ta sauka, ka ga inda basilla ta ɗan kauce. Wannan ba ka samunsa a abin da inji ya fitar dubu-dubu.

Saboda haka da gida za ka fara. Kuɗin Ka-Bar ɗaya ta gaskiya, in ka haɗa da kuɗin jirgi da canjin dala, zai saya maka ƙirar hannu masu yawa a Kasuwar Kurmi ko wajen maƙeran garinku. Kuma galibin waɗanda ake tallatawa a waya da sunan Ka-Bar a farashin kwanon shinkafa, suna kawai aka buga musu. Duk wadda ka saya, ka sami ɗan littafi ka rubuta inda ka same ta, shekarar, da sunan maƙerin in an san shi. Bayan shekara 30 wannan rubutun zai fi wuƙar daraja.

*Kawu, ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina tashi daga shago bayan isha'i. Sau biyu ana tare abokan aikina a ƙwace musu waya, ɗaya har an yanke shi a hannu. Wace wuƙa ce ta fi dacewa in riƙa sokewa a ƙugu don kare kaina?*

Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa, ya ba wanda aka ji wa ciwo lafiya. Amsata ba za ta yi maka daɗi ba: babu ita. Ni mai son wuƙa ne, ɗakina cike yake da su, amma ban taɓa fita da ko ɗaya da niyyar faɗa ba, kuma ga dalilaina.

Masu ƙwacen waya ba sa aiko da sanarwa. Su suka zaɓi lungun, su suka zaɓi lokacin, makaminsu a zare yake tun kafin ka gan su, naka kuwa yana ƙarƙashin riga da 'yar ciki. A 1983 wani ɗan sandan Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mutum mai wuƙa a hannu yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato wajen mita 6 da 'yan kai, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan a kan jami'in da aka horar, mai bindiga a ƙugu, aka yi lissafin. Kai da ke tafe da leda a hannu kana tunanin cinikin gobe fa? Sannan ba mutum ɗaya ke zuwa ba, uku ne ko huɗu, wasunsu sun sha abin da ya ɗauke musu jin zafi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na biyu, wuƙa ba ta tsayar da mutum nan take. Tambayi duk ma'aikacin jinya da ya yi aikin dare a ɗakin gaggawa: ana kawo wanda aka soka bai ma san an soke shi ba sai da ya ga jini, ya ci gaba da kokawa, daga baya ya faɗi. Ma'ana, ko ka same shi, yana da sauran lokacin da zai same ka. Kuma da zarar ka zare ƙarfe, abin da ya fara a matsayin ƙwacen waya ya koma wa zai mutu. Yaron da ya zo don waya yanzu ransa yake karewa.

Na uku, hukuma. A ce ka yi nasara. Tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, dokar Penal Code ta Arewa ma haka, amma da sharaɗin kada ka wuce gwargwadon abin da ya zama dole. Wanda zai auna wannan gwargwado ba kai ba ne, alƙali ne, bayan shekaru kana tsare. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga jihar Adamawa, wanda ya ce shi aka kai wa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya kashe maharin da ita. Mutane da yawa sun yi ta muhawara a kan hukuncin, amma darasin da ke ciki gare ka a fili yake. Tun ma kafin a kai can, ranar da 'yan sanda suka yi samame suka laluba ƙugunka suka ji wuƙa da ƙarfe goma na dare, a mota ɗaya za a zuba ku da 'yan daban da kake gudu, kuma ba a bakin titi ake bayani ba.

Abin da zan ce ka yi ba shi da armashi, amma yana aiki. Babbar wayarka ta kwana a shago ko ta shiga can cikin aljihun ciki, ka riƙe ƙarama a hannu. Ka danna *#06# ka rubuta lambar da ta fito ka ajiye a gida, ita za a nema in an je bin sawu. Kada ka amsa kira a bakin titi ko a gefen Adaidaita Sahu inda haske ke nuna fuskarka. Ku riƙa tashi tare, mutum huɗu ko biyar, ku sami direba ɗaya da kuka sani. Ku haɗa kuɗi ku sa fitila a lungun, ku taimaka wa 'yan sintirin unguwa. In an tare ka, miƙa wayar, in ka ga sarari kuma, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Babu wanda zai yi maka gori a gidan da 'ya'yanka ke jiran ka.

Abu ɗaya da nake so duk ɗan kasuwa ya iya shi ne tsayar da jini. In an yanki mutum, a sami ƙyalle mai tsabta, ko rawani ne ko riga, a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a zuba ƙasa, toka ko fetur. In wuƙar ta maƙale a jiki kada a zare ta, a tallafe ta a yi asibiti. Wannan ilimin ya ceci rayuka fiye da duk wuƙar da ke ɗakina.

Wani zai ce ai sai a haɗa da maganin ƙarfe. 'Yan tauri abokan wasana ne, ina kallon wasansu tun ina yaro, amma ban ba ka shawarar ka gwada cikinka a lungu da dare ba.

*Kawu, na sayo wata wuƙa a Dubai mai zane kamar igiyar ruwa a jikinta, mai shagon ya ce ƙarfen Damaskus ne irin na mayaƙan da. Gaskiya ne? Daga wani Alhaji a Gusau.*

Alhaji, ƙarfen da ya yi wancan suna a tarihi daga kudancin Indiya da Sirilanka ake narko shi cikin 'yan tukwane, a kai shi ƙasashen Farisa da Sham a ƙera takubba. Zanensa daga cikin ƙarfen yake fitowa, kuma sana'ar ta mutu tun ƙarni na 19. Abin da ake sayarwa yau da wannan suna iri biyu ne. Akwai wanda aka jera ƙarfe iri biyu aka yi ta ninkawa ana dukansu a wuta, sannan a tsoma a ruwan asid zanen ya bayyana. Wannan aiki ne na gaske, wani ma yana da kyau ƙwarai, kuma masu arha da yawa daga garin Wazirabad na Pakistan suke fitowa. Akwai kuma wanda aka buga wa zanen a sama kawai.

Ka duba bayan wuƙar, wato gefen da ba kaifi. In ka ga layukan sun ratsa ta nan ma, ninki ne. In bayan sumul yake, kuma zanen gefen dama da na hagu iri ɗaya ne sak, to akwai alamar bugu ne. Ko wanne ne, ba na zamanin Salahuddin ba ne. In ta yi maka kyau, rataye abarka.

Tunda kana yawan tafiya, ƙarin bayani biyu. Wuƙa ba ta shiga jakar hannu a jirgi, sai babban akwati, in ba haka ba a filin jirgi za ka bar ta. Sannan in an yi maka tayin wuƙar janbiya ta Yaman ko wuƙar hanjar ta Oman aka ce ƙotar ƙahon karkanda ce ko hauren giwa, ka ce Allah ya kawo kasuwa. Cinikin waɗannan tsakanin ƙasashe haramtacce ne, kuma kwastan ba sa jin "ban sani ba".

*Kawu, ni direban babbar mota ne, ina Maraɗi zuwa Kwatano. Ina son 'yar wuƙar aljihu ta yankan igiya, rake, mangwaro da gyaran waya. Wacce za ta daɗe? Kuma ƙanena zai tafi karatu Ingila, yana so ya tafi da irinta.*

Yauwa, Malam direba, wannan ita ce tambayar da nake jin daɗin amsawa, domin mai aiki ne ya yi ta. A aljihuna Opinel mai lamba 8 ce. Wani Bafaranshe, Joseph Opinel, ya fara ƙera ta a 1890 a yankin duwatsun Savoie na ƙasar Faransa, kuma har yau siffarta ba ta canza sosai ba: ƙotar itace, ruwa mai santimita 8 da rabi, da zoben ƙarfe da aka ƙara a 1955 wanda ake murzawa ya kulle ta kada ta rufe a yatsa. Ba ta da nauyi, tana ɗaukar kaifi da wuri. Aibinta ɗaya, in damina ta kankama, musamman can wajen Kwatano, itacen yakan kumbura ta ƙi buɗuwa. Sai ka buga gindin ƙotar a jikin taya ko tebur, bakin zai leƙo.

In ba ka samu ba, akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Tsofaffin direbobi sun san ta, mai zobe a baya da ake ja a rufe. Akwai kuma Victorinox ta Suwizalan mai jar ƙota, wadda ke da sukundireba da mabuɗin gwangwani da ɗan almakashi. Ga mai mota wataƙila ita ta fi, sai dai jabunta ya fi na gaskiya yawa a kasuwa. Ta gaskiya in ka buɗe za ka ji ta ƙulle da 'yar ƙara, ba ta girgiɗi, kuma akwai tambarin kamfanin a gindin babban ruwan.

Ka kuma san irin ƙarfen da kake saye. Wanda ba ya tsatsa, da aka gano a Sheffield ta Ingila a 1913, ya fi dacewa da mai yankan lemo da tumatir ya mayar aljihu. Baƙin ƙarfe kuwa ya fi saurin kama kaifi a dutse, amma yana son a goge shi a shafa mai. Irinsa maƙeranmu ke samu daga tsohon sifirin mota, su gasa da gawayin ƙirya, kuma in ka dace da maƙerin da ya iya shayar da ƙarfe, wuƙarsa ba ta jin kunyar ta kowace ƙasa. Mahauta ai ba da Opinel suke fiɗa ba.

Ƙanenka kuwa ya bar Opinel ɗinsa a gida. A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai dai mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta kullewa. Wancan zoben da na yaba shi ne zai jefa shi cikin matsala, hukuncin kuma yana iya kaiwa shekara 4 a kurkuku. "Don kare kai na riƙe" ba dalili ba ne a wurinsu, ƙara nauyin laifin ma yake yi.

*Kawu, me ka gani game da karambit? Duk abokaina ita suke so.*

Ɗana, ban ga garinku a wasiƙar ba, amma na san a wasan kwamfuta kuka gan ta. Asalinta ta mutanen Minankabau ce a tsibirin Sumatara na Indonesiya, lanƙwasasshiya kamar farcen damisa, da zobe a gindi. Masu wasan silat, wato salon faɗan gargajiya na can, kan shafe shekaru suna koyonta a hannun malami. Samarin da na ga suna juya ta a yatsa a nan, kansu kawai suka taɓa yanka. Ba ta fere rake, ba ta yanka burodi. Kuma ku daina nuna juna da ita ko da wasa, domin hadisi ya tabbata a kan hana nuna ɗan'uwa da makami, har ma da hana miƙa wa mutum takobi a zare.

*Kawu, mahaifinmu ya rasu ya bar takobi da wata tsohuwar wuƙa da ya gada wajen kakanmu, wanda ya yi dogarci. Sun yi tsatsa, kuben yana marmashewa. Yayana ya ce a kai wa masu wasa wuƙa da inji su fito da su fes kafin hawan Sallah. Daga wata Hajiya a Katsina.*

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Ki ba yayanki haƙuri, kada inji ya taɓa su. Dutsen inji yana cinye tambarin maƙeri da duk wani zane da ke jikin ruwan, yana kuma ɗumama ƙarfen har ya kashe taurin bakinsa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tsofaffin takubban ƙasar nan da yawa ruwansu daga Turai ya ratso Sahara, wasu daga Solingen, aka yi musu ƙota da kube a nan. Ɗan zanen wata, ko na wata dabba, ko wasu haruffa kusa da ƙota, shi ne zai gaya wa masani shekarunsu da inda suka fito. Baƙin da ƙarfe ya yi saboda tsufa ba datti ba ne, a bar shi. Jar tsatsa mai gari ita ce abokiyar gaba.

Ki sami man keken ɗinki, ki shafa wa ruwan, ki bar shi ya kwana. Washegari a goge da tsumma mai kauri, a maimaita har jan ya daina fitowa a tsumman. Inda ya yi taurin kai a kankare a hankali da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, don ya fi ƙarfen taushi, ba zai ƙarce shi ba. Ban da samfefa, ban da ruwan batir, ban da toka da lemon tsami irin na wankin tukunya.

Kada a ajiye su cikin kube, musamman da damina. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe danshi, ita ce ma ta jawo yawancin tsatsar da kike gani. A naɗe ruwan da ƙyallen da aka ɗan shafa wa mai, kuben kuma a ajiye shi gefe, nesa da rana da ƙasa. Fatar da ta bushe da hunturu a shafa mata man kaɗanya ɗan kaɗan da yatsa. In ɗinki ya warware a kai wa tsohon baduku ya kama shi, amma a gaya masa gyara ake so, kada ya yar da tsohuwar fatar. In yayanki yana son abin ratayawa mai walƙiya ranar hawa, a Kurmi zai sami sabo da kuɗi kaɗan.

Masu sayen kayan tarihi za su iya zuwa da tayi in labari ya fita. Ki sani fitar da irin waɗannan kaya daga Najeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. In kuna son a duba muku su, ku ɗauki hoto mai kyau na ƙota da na tambarin, ku je da shi gidan tarihi na Katsina ko Gidan Makama a Kano. Kafin nan kuma, in akwai tsohuwa ko tsoho a dangi da ya ga kakanku da idonsa, a zauna da shi a kunna rikoda a waya, a tambaye shi zamanin wane sarki kakan ya yi dogarci, da kuma wanda ya ba shi takobin.